Jitar bes a ƙauye: hunturu, janareta da zanzaro

Idan kana zaune a irin garuruwanmu na nan tsakanin Ringim da Taura kuma ranka ya biya da jitar bes, to ka sani tun yanzu kai ne makaɗi kuma kai ne makanikenta, don babu wani shago da za ka ruga ka kai ta ranar da ta fara ƙugi ko wuyanta ya lanƙwashe. Mai gyaran rediyo akwai, kafinta akwai, mai wayarin akwai, amma wanda ya san jita ya san inda ke mata ciwo sai ka shiga Kano, Kanon ma sai da tambaya. Shi ya sa duk wanda ya ce min wacce zai saya amsata guda ce, ya sayi wacce zai iya kwancewa ya ɗaure da hannunsa, mai tsirkiya huɗu, marar batir, mai lafiyayyen wuya. Fenti da ƙyalƙyali da sunan da aka rubuta a ka duk daga baya suke zuwa.

Bari in ɗan yi bayani saboda mutanenmu da har yanzu in sun hango ni da ita a baya sai su ce ga mai garaya nan. Bes ita ce mai kaurin muryar nan da kake ji a ƙirjinka, tsirkiyoyinta huɗu ne kaurara, ana saita su a kan sautukan da ake kira E, A, D, G, tsawon tsirkiyar daga sama zuwa inda ta zauna a ƙasa inci 34 ne a yawancinsu, wajen santimita 86 kenan, akwai kuma gajeru masu inci 30 da suka fi wa yara da masu ƙananan hannu daɗi. Babbar tsirkiyar in ka kaɗa ta ba ka danne komai ba tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, kuma sifikar waya sam ba ta iya fitar da irin wannan sautin. To ka ga wanda ya turo maka bidiyo ta WhatsApp daga Legas yana cewa oga ji sauti, ko dai ya raina maka hankali ko shi ma bai sani ba, abin da ya iso kunnenka ƙarar ƙarfe ce ta sama-sama kawai. Cinikin biri a sama kenan. A situdiyoyin Kano yawanci da fiyano ko kwamfuta ake saka bes a waƙa, shi ya sa masu riƙe ta da hannu suka yi ƙaranci a cikinmu, waɗanda suka fi saninta 'yan kiɗan coci ne na Sabon Gari da na ƙauyukan kudancin Kano, sai kuma 'yan ƙungiyoyin jita na Nijar. In kana neman ta hannu mai kyau ko mai raka ka kasuwa, a cikinsu za ka nemi aboki, ni ma wajensu na ɗauki mafi yawan abin da na sani.

Kusan duk bes ɗin da za ka gani a rataye a kasuwa jikokin guda biyu ne. Wani Ba'amurke Leo Fender ya fitar da Precision a 1951, a 1960 kuma ya fitar da Jazz. Ba don tarihi na kawo wannan ba, don wutarmu ce. Abin nan baƙi da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sauti, fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kuma yadda yake ɗaukar girgizar tsirkiya haka yake ɗaukar ƙugin wutar da ke ɗakin. Na Precision tun 1957 aka raba shi gida biyu, ɓangare ɗaya yana kashe ƙugin ɗayan, don haka shiru yake. Jazz kuwa fikof biyu ne dogaye kowa da bolum ɗinsa, in ka buɗe su duka daidai wa daida sai ƙugin ya mutu, kana rage ɗaya sai ka ji "hmmmm" ya dawo. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyar jita wai ta lalace, alhali haka aka yi ta. A ɗakin da janareta ke bayan taga ni Precision ko mai kama da ita zan ɗauka, ba musu.

Sai maganar batir. Akwai bes masu ɗan inji a ciki da ke ƙara wa sauti ƙarfi, irin wanda Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, suna cin batir mai kusurwa huɗun nan mai bolt 9. Sautinsu akwai daɗi gaskiya, 'yan coci na son su, musamman masu tsirkiya biyar. Amma ka tambayi kanka ina za ka samu batir mai kyau ƙarfe tara na dare a gidan biki a bayan Taura? Wanda ake samu a kanti mai arahar nan ne, ba ya jimawa, kuma in ya kwana biyu cikin zafin bazara sai ya yi yoyo ya cinye wayoyin. In ka riga ka saye ta to ga abu ɗaya da za ka riƙe: muddin jak, wato bakin wayar da ke haɗa jita da amfilifaya, na cikin jitar batir yana ci, ko amfilifaya a kashe take, don shigar jak ɗin ita ce makunnin. Ka gama kiɗa ka zare. Kuma ranar da ka ji sautinta ya fara tsagewa yana "furr-furr" kamar sifika ta yage, canza batir tukunna kafin ka zagi kowa. Mai tsirkiya biyar kuma, ta biyar ɗin tana sauka har wajen girgiza 31 a daƙiƙa, sifikun da muke haya a nan ba sa iya ɗaukarta, ga kuɗin tsirkiya ya ƙaru, mai koyo bai da buƙatarta.

Wajen saye, a Kano Sabon Gari ne, shagunan kayan sauti na wajen France Road da kewayen kasuwa, su kuma yawanci daga Alaba ta Legas kayan ke zuwa musu. Akwai Jiji da Facebook ga mai neman ta hannu. Farashi ba zan rubuta ba don dala ce ke jansa, kafin ka gama karantawa ya motsa. Abin da zan ce shi ne in ka ga an rubuta Fender ɓaro-ɓaro a kan sabuwar jita kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba, to sitika ce aka manna, Fender ta gaske kuɗin mashin ce ko fiye. Masu sauƙin kuɗi na gaskiya su ne Squier, wadda ƙanwar Fender ce kamfani ɗaya, sai ƙananan Yamaha irin TRBX174, da Ibanez GSR, da Cort, yawanci a Indunusiya ko Sin ake yin su kuma ba abin kunya ba ne. Marar suna ma in wuyanta lafiya lau ne saye ta, ni na fi yarda da marar suna da ba ta yi min ƙarya ba a kan mai aron suna. Mai shago zai ce maka "kwastoma wannan orijinal ne, daga waje ya zo," ka ce masa to oga na ji, ba ni kujera da waya in gwada.

Ga yadda ake gwadawa, kuma nan ne nake so a nutsu. Tsirkiyoyin nan huɗu in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin kilo 70 zuwa 80, buhun siminti ɗaya da rabi kenan rataye a jikin siririn katako dare da rana. Abin da ya hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikin wuyan daga sama har ƙasa, tana da noti a ƙarshe, ko dai a can wajen kai ko a gindin wuya, da alanki ake juya shi. Wannan ƙarfen in ya mutu jitar ta mutu, a nan ƙauye dai babu mai tashinta. Don haka ka ɗaga jitar ka sa idonka daga wajen kai ka kalli tsawon wuyan, ka duba gefen babbar tsirkiya ka duba gefen ƙarama, ya kamata su tafi tare, ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi, amma in gefe ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa wato wuyan ya murɗe, ajiye ta ko kyauta ce. Sannan ka roƙi mai shago ya sa alanki ya ɗan sassauta notin kaɗan ya mayar a gabanka. In ya juya lafiya madalla. In ramin notin ya side alanki na zamewa, ko ya ƙi motsi ƙememe, ko mai shagon ya fara kame-kame wai ba a taɓawa, ka gane. Bayan nan ka bi ƙarafan nan na kan wuya, firet, ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya tun daga na farko har na ƙarshe kana kaɗawa, e zai ɗauki lokaci, e yaran shago za su yi ta kallonka, kuɗinka ne. Kana neman inda sauti ke mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Juya kowane bolum ka ji ko yana ƙarar yashi, girgiza jak a raminsa ka ji ko sauti na yankewa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba sa hana saye, gyaransu ba wuya, amma suna rage kuɗi in ka iya ciniki.

Kada ka fito ba jaka, mai kauri mai soso, kuma in ka zo tashar Yankaba kada ka yarda yaron mota ya tura ta but ƙarƙashin buhuna, riƙe kayarka a tsaye tsakanin ƙafafu ko ka biya mata kujera. A kan mashin kuma ka tuna ta fi mita tsawo, kan ta ya wuce naka, reshen darbejiya da ƙofar zaure ba sa tausayi.

Kuɗin da ka tara kada ka juye shi duka a jita, don ita kaɗai ba ta magana. Amfilifayar bes daban take da ta ƙaramar jita, in ka jona bes a ta ƙaramar jita ka buɗe murya sifikar za ta yage, haka rediyon ɗaki mai kaset ko MP ɗin da ake ji da waƙa. Ta koyo a ɗaki mai wat 15 zuwa 25 ta isa, amma fili da makaɗa da kalangu sai wat 100 zuwa sama, ko kuma ka shiga mikisar masu kayan sauti ta ɗan akwatin nan da ake kira DI. Wanda ba shi da wuta sam akwai 'yar ƙaramar da ake sokawa a jikin jitar a sa iyafis, irin amPlug na Vox, da ƙananan batir biyu take aiki, ba ka tashi maƙwabta ba, ba ka kuma jawo Baba ya leƙo yana tambayar wane ne ke buga ganga bayan isha'i ba. Abu guda da zan ja kunne a kai da ƙarfi, amfilifaya 'yar gwanjo ka juya bayanta ka karanta kafin ka soka. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Jafan 100. Wani abokina ya samo wata tsohuwar Amurka mai kyan gaske, yana cikin wanka ƙanensa ya zumuɗa ya soka ta a soket kai tsaye, ƙauri kawai aka ji. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. Ta Ingila kuwa wutarmu ɗaya, har bakin filogin.

Yanzu ga babban abokin gaba, yanayi. Katako ko ya shekara ashirin da yankewa yana shan danshi yana kuma bushewa. Masu yin jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20, da damina a nan bakin kogin Haɗeja har gishiri narkewa yake a kwano. Wato jitarka tana canza hali sau biyu a shekara, kuma ba lalacewa ta yi ba. Da hunturu allon da ake dannawa yana tsukewa, ƙarafan firet su kuma ba sa tsukewa, sai ka ji bakinsu ya fito yana yankar hannu a gefen wuya, wuyan kuma galibi ya ƙara rusunawa gaba, tsirkiyoyi su yi sama, dannawa ta zama aiki. Da damina sai akasin haka, allon ya kumbura, wuya ya miƙe ko ma ya koma baya, tsirkiyoyi su kwanta a kan ƙarfe su yi ta ziza.

Awon da nake yi mai sauƙi ne. Saita jitar daidai tukunna, danne babbar tsirkiya a firet na farko da hannun hagu, danne ta a na ƙarshe da gwiwar hannun dama ko wani ya danne maka, sai ka leƙa tsakiya wajen firet na bakwai ko na takwas. Ya kamata ka ga 'yar tazara tsakanin tsirkiya da ƙarfen, wajen milimita 0.3, katin ATM ya fi haka kauri nesa, in ya shige a sake to tazarar ta yi yawa. In ta yi yawa ka ɗaure notin, wato ka juya dama. In babu tazara sam tsirkiyar na kwance, ka sassauta, hagu. Kwata ɗaya na zagaye kawai, ko ma rabin kwata, ka sake saita tsirkiya, ka bar ta ta huta zuwa gobe ka sake aunawa, katako ba ya son gaggawa. In za ka ɗaure ka ɗan sassauta tsirkiyoyin tukunna don ka rage wa notin wahala, kuma da ka ji ya cije ka tsaya, kada ka ce ƙarfi zai yi. Alankin ma a kula, jitocin Asiya yawanci milimita 4 ne ko 5, Fender ta Amurka kuwa awon inci take, in ka sa wanda ya kusa daidai amma bai zauna ɗaram ba shi ne mai side ramin. Saitin alanki kam ana samu ko a Gujungu ran Lahadi wajen masu kayan mashin.

Zizar ma tana faɗa maka inda matsalar take in ka saurara. In a firet na farko zuwa na biyar take, wuya ya miƙe da yawa, sassauta. In daga na goma sha biyu zuwa sama take, ƙananan ƙarafan da tsirkiya ke zaune a kansu can ƙasa za ka ɗaga da ƙaramin alanki. In a wuri ɗaya tak take, firet ɗin gaba ne ya ɗago. In kuma sai ka kaɗa ba ka danne komai ba take yi, ramin farin abin nan na sama da tsirkiya ke bi ya zurfafa. Wani lokacin ma ba ko ɗaya, wani sukuru ne ya kwance a kai yana rawa, sai ka bi su da hannu kana taɓawa har ƙarar ta tsaya.

Don rage wahalar hunturu ga dabarar da ba ta cin kuɗi: robar sabulun wanka mai murfi, huda ta, sa soso a ciki da ka jiƙa ka matse sosai, jefa cikin jakar ka zuge. Ka duba shi duk bayan kwana biyu. Allon wuya in baƙi ne ko ruwan ƙasa marar fenti a ɗan shafa masa man jarirai ɗigo biyu a tsumma sau ɗaya ko biyu a shekara a goge tas, in fari ne mai sheƙi ba ya buƙata. Man gyaɗa da man ja da man shanu dan Allah a bar su a kicin, hamami za su yi su jawo tururuwa. Kuma kada a bar ta a ɗakin kwano a rufe da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce 40, gam na saki, ɗakin ƙasa ya fi mata lafiya. Amma ɗakin ƙasa shi ma da nasa, gara. Kada ka jingina ta da bango ko ka ajiye a ƙasa, kafa ƙusa mai ƙarfi ka rataye jakar yadda ba ta taɓa bangon ba. Ɓera kuma yana son bayan amfilifaya, ya ci waya ya huda takardar sifika. Zanzaro shi ne abin dariyar, ramin jak daidai shi, in ka bar jita a buɗe ka yi tafiya sai ka dawo ka tarar ya cika ramin da laka, jak ya ƙi shiga. Tsinke da haƙuri, kana riƙe da ramin yana kallon ƙasa don ƙasar ta zubo waje.

Sai wuta, wadda ita ce rabin ƙorafin da ake kawo min. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma in ka danne firet na uku a babbar tsirkiya sautin da zai fito yana girgiza sau 49 ne, ka ga ƙugin wuta ya faɗo tsakiyar gidan bes, ba yadda za ka rage shi a mikisa ba ka rage kanka ba. Don haka nemo tushensa ake yi. Fara da zare jitar ka bar amfilifaya ita kaɗai, in tana ƙugi to ba ruwan jita. Sai ka canza waya, don wallahi waya ce mai laifi fiye da kowa, kuma wayar jita daban da wayar sifika ko da bakinsu iri ɗaya ne, ta jita tana da raga a ciki mai kare ta daga ƙugi, ta sifika babu. Sai ka bi ɗakin kana kashe abubuwa, cajar waya mai arahar nan, ƙwan sola, abin rage gudun fanka, talabijin. Wayarka ma in tana aljihun gaba kusa da fikof za ka ji "tit-tit-tit". Inbata mai araha ita ma tana sa ziza, wacce aka rubuta pure sine a jikinta ita ce mai tsaftar wuta. In ka taɓa tsirkiya ƙugin ya ragu, wannan ba komai, yawancinsu haka suke. In ka taɓa babu abin da ya canza, wayar da ta haɗa ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai da cikin jitar ta tsinke. In kuma ƙaruwa ya yi, wani ya taɓa yi mata gyara ya juya wayoyin jak.

Wanda ba wasa a cikinsa shi ne jan wuta. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar, kuma gidajenmu kusan duk waya biyu aka ja, babu ta ukun da ke shiga ƙasa. In kana riƙe da jita leɓenka ya taɓa makirfo ka ji ya tsikare ka, tsaya nan take, kada ka ce bari a gama wannan waƙar. Mutane sun mutu ta haka a kan dandamali. Sa mai wayarin ya kafa maka sandar atin, ƙarfen da ke zubar da wuta cikin ƙasa, a bayan ɗaki, da gawayi da gishirin da suke zubawa, ya haɗa ta da soket ɗin da kake amfani da shi da kuma jikin janareta, da rani a riƙa zuba wa wurin ruwa don busasshiyar ƙasa ba ta aikin. Ba kiɗa ba takalmi a jiƙaƙƙen fili. Ba karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga ƙaramin soket. Janareta kuma a tashe shi ya daidaita tukunna sannan a kunna kaya, amfilifaya ce ta ƙarshe wajen kunnawa ta farko wajen kashewa, kuma kada a bari mai ya ƙare kaya na kunne, wannan shaƙuwar da yake yi yana hawa yana sauka ita ke ƙona su. Sitabilaiza tana taimako. Layi ɗaya da firiza ko injin walda, a'a. Fis in ya ƙone a nemo mai lamba irin tasa, masu naɗa waya ko takardar sigari a wurin Allah Ya shirye su.

Sauran 'yan ƙananan ciwuka ba sa kai mutum Kano. Jak in ya yi lako-lako kada ka yi ta juya notin daga waje, cikin ne ke juyawa har wayoyi su tsinke, buɗe murfin ka riƙe shi daga ciki sannan ka ɗaure. In wayar ta riga ta tsinke ɗauki hoton yadda wayoyin suke ka kai wa mai gyaran rediyo. Namu wani dattijo ne, ranar da na fara kai masa ya juya ta ya juya ya ce "yaro wannan ai ba ta kai rediyo wuya ba," ya ɗiga dalma a wuri biyu, na ce Baba nawa, ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Bolum mai ƙarar yashi ƙurar hunturu ce, feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran waya ke da shi za a fesa kaɗan a yi ta juyawa, ban da fetur ban da kalanzir. Maɓallin rataya in sukurunsa ya daina kamawa, tsinken ashana biyu da gam ɗin kafinta a ramin, a mayar da sukurun, shikenan. In ka saita ta daidai amma kana hawa sama sauti na kaucewa, gwada firet na goma sha biyu da manhajar saiti ta waya, in ya haura sai ka ja ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke zaune a kai baya da sukundireba, in ya gaza ka turo shi gaba. Manhajar in ta kasa jin babbar tsirkiya, ɗora yatsa a hankali saitin firet na goma sha biyu ba tare da ka danne ba ka kaɗa, za ta kama.

Tsirkiya kam tsada gare ta, kuma guminmu da ƙura suna kashe ta da wuri. Lambar kaurin da aka fi sawa 45 zuwa 105, daga ƙarama zuwa babba. Wanke hannu kafin, goge da busasshen tsumma bayan, sama da ƙasan kowace ɗaya, wannan kaɗai yana ƙara mata watanni. In ta dushe ana cire ta a tafasa a ruwa minti goma zuwa sha biyar a shanya ta bushe ƙarau a mayar, ko a jiƙa ta a sifirit ta kwana, muryar na dawowa na ɗan lokaci, amma bayan sau ɗaya ko biyu ƙarfen ya gaji. Akwai masu santsi marasa gurzar yatsa, sun fi tsada wajen saye, sai dai suna shekaru a jiki kuma datti ba ya samun wurin maƙalewa, sautinsu a dunƙule yake ba ƙyalli, wanda ni a kunnena ya fi zama da kalangu. In za ka canza ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma tsofaffin kada ka ba yara su yi tarko da su, naɗe su ka sa a aljihun jaka, don ranar da ƙaramar ta tsinke ana tsakiyar biki tsohuwar nan ce za ta kai ka ƙarshen dare, shagon da ke da sabuwa yana Kano.